Na haddace Ajurumiyya amma na kasa sayen burodi a Alƙahira, ina matsalar take?

Dan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni kuma da gaske nake. Watana uku kenan a Masar na zo karatu. Kafin in taho kowa a unguwa cewa yake ai kai ka gama da Larabci, tunda na haddace littafin nahawun nan Ajurumiyya tun ina yaro, Alfiyya mai baitocin nahawu ma na ci kusan rabinta a zaure gaban malam, in ka ban jimla zan yi maka li'irabinta tas ba gargada. To wallahi ranar farko da na shiga shago na ce wa mutumin "uridu khubzan", sai ya kalle ni ya yi murmushi ya ce "sadaƙallahul azim", yaran da ke wajen suka kwashe da dariya. Ashe su "aish" suke ce wa burodi. Tun ranar bakina ya mutu, in zan sayi abu nunawa kawai nake da yatsa kamar kurma. A aji ma in dakta ya fara da fus'ha, Larabcin littafi, ina biye da shi, da ya ɗau zafi ya juye ammiyya, Larabcin kan titi, shikenan an bar ni a tasha. Ku da kuka koyi wani yare har ya zauna muku, mene ne ya fi muhimmanci? Ƙwaƙwalwa ce ko haddar kalmomi ko dai wasu ne kawai Allah ya ba su baiwar?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya ɗaya zan maka, da su wa kake kwana a ɗaki? Don in dai a unguwar Hayyul Ashir kake cikin 'yan gida, ku dafa shinkafa da wake tare ku yi hirar Kwankwasiyya da Gandujiyya har ɗayan dare, to ai Kano kake ba Masar ba, jirgi kawai ka hau. Ni a Khartoum na yi karatu kafin yaƙin 2023 ya koro mu, shekarata ta farko haka na yi ta a banza cikin 'yan Najeriya, sai da aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar Sudan da ba ta jin ko "zo" da Hausa, dole ta sa na buɗe baki. A kicin na koyi yawanci, ta ce miƙo min kaza in miƙo wani abu daban ta yi dariya ta gyara min, gobe ba na sake mantawa saboda kunyar da na sha.

Kuma kai fa naka mai sauƙi ne, kalmomin suna kanka kaya kawai suka canza. Misrawa jimun ɗinsu "ga" ce, jamil ya koma gamil. Ƙafun kuma hadiye ta suke ta zama hamza, ƙalb ya zama alb, ƙahwa ta zama ahwa. Salasa su ce talata. Riƙe ukun nan kawai ka zauna a shagon shayi sati biyu kana saurare, za ka ga rabin abin da kake zaton sabon yare ne tsohon karatunka ne na zaure. Sauran irin su izzayyak, ayiz, bikam, dilwa'ti, mafish, waɗannan haddace su za ka yi kamar yadda ka haddace baitoci.

Alhaji_Kwari:
Yaro ni ban yi boko mai nisa ba balle nahawu, amma ina zuwa Guangzhou saro kaya kuma yanzu ba na ɗaukar tafinta in dai ciniki ne. Abin da ya koya min Sinanci asara ce. Wani tafinta ya taɓa cin kuɗina a gabana, suna magana da mai kaya ina ta murmushi ashe nasa kason yake ɗorawa a kan kowane kwali. Da na gano, a daren na zauna na haddace ƙirga ɗaya zuwa ɗari, sai "duoshao qian" wato nawa ne, sai "tai gui le" ya yi tsada. Da su na fara. Yarensu akwai karin sauti guda 4, kalmar saye da ta sayarwa duk "mai" ce, muryar ce kawai ta bambanta, Turawa suna shan wuya a nan amma mu ba baƙon abu ba ne, ai kuka na hawaye da kuka ta miya ba a rubutu muke rabe su ba. Ka dubi Inyamuran Sabon Gari, wa ya sa su a aji? Wata shida yaro ya zo daga ƙauyensu ka ji yana "Alhaji ƙara wani abu mana". Wanda abincinsa ke cikin yare ba ya jin kunyar kwaɓa shi. Kai matsalarka an saba ce maka malam a gida, ba ka son a ga ka yi kuskure.

Abu_Sumayya:
Alhaji ka faɗi gaskiya amma kar a sa yaron nan ya raina abin da ya taho da shi. Mutanenmu nawa ne a Makka da Jidda da suka shekara ashirin, Larabci a bakinsu kamar ruwa, amma ba su iya karanta shafi ɗaya na littafi ba? Shi karatu ya je, gobe bahasi zai rubuta, kuma bahasi ba a rubuta shi da yaren direban mota. Nahawunsa jari ne. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai motsa harshen, kuma wannan ba laifinsa ba ne, haka muke koyarwa, ɗalibi ya shekara goma yana fassara "ya ce, na ce" da Hausa bai taɓa haɗa jimlarsa ta kansa ba. Dalilin da ya sa gwamnati ta kafa ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno kenan, da na Faransanci a Badagry, don ɗaliban jami'a su je su zauna cikin yaren. Kai ga shi an kai ka cikin kogin gaba ɗaya kana tsaye a gaɓa. Shawarata kullum ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi, kunnenka ya ji muryarka, sannan ka samu Bamisre ɗaya mai haƙuri ka ce masa ya dinga gyara maka.

Dan_Damagaram:
Mu nan a lakwal da bulala aka koya muna Faransanci, wanda ya yi Hausa a aji a rataya mishi "sambol" ya yini yana farautar wanda zai miƙa ma. Mun iya kam, amma har yau in zan yi magana gaban manya sai gabana ya faɗi. Ingilishi kuwa da ba wanda ya tilasta ni, a tashar Maraɗi da waya na tsince shi, kuma shi na fi sakewa da shi ko da karyayye ne.

Dan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Ummu kin kama ni, mu biyar ne a gidan duk 'yan Kano har da ɗan layinmu. Alhaji maganarka ta yi zafi amma haka ne. Yau dai na gwada, a ƙaramar bas da zan sauka na daure na ɗaga murya na ce "ala gamb ya usɗa" wato tsaya a gefe direba, direba ya taka birki ya tsaya, ko waiwayowa ba wanda ya yi, na sauka ina ta murna ni kaɗai kamar an ban kyauta, sai da motar ta wuce na lura saura tasha guda ban kai ba, na ƙarasa a ƙafa. Maganar canza ɗaki kuma akwai wani ɗan Indonesiya da ke neman abokin zama, amma shi ma fus'ha yake yi irin tawa, wannan zai yi ko sai dai Bamisre?

Ummu_Hanifa:
Kama shi, ko ba komai ba zai amsa maka da Hausa ba. Ammiyyar kuma mai burodin nan da ya maka dariya, koma wajensa gobe ka ce "ayiz aish", wato ina son burodi.