Na yi wa ɓeraye rigakafin DNA na HIV amma garkuwar jikinsu shiru, ina matsalar take?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum malamaina. Filasmid ɗina, wato zoben DNA da nake allurar da shi, yana ɗauke da gag, sashen gadon HIV da ke ƙera furotin na cikin ƙwayar cutar. Ɓerayen gwaji nau'in C57BL/6 ne, allura sau biyu a tsokar cinya, maikirogiram 20 kowace, mako uku tsakani. Na cire saifa na yi ELISpot (gwajin da kowace ƙwayar garkuwa da ta motsa ta fitar da sinadarin intaferon gama ke barin ɗigo a gurbin faranti) da guntun furotin gag mai suna AMQMLKETI, ɗigon da ya fito bai fi na gurbin da ban zuba komai ba. Antibodi, wato furotin garkuwa da ke kama ƙwayar cuta, shi ma babu. Filasmid ɗin ne ya lalace?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ɗora wa filasmid laifi tukuna. AMQMLKETI na ɓerayen BALB/c ne, furotinsu mai suna H-2Kd ke ɗaga shi ga ƙwayoyin T na CD8, wato ƙwayoyin garkuwa masu kashe ƙwayar jikin da ta kamu. C57BL/6 ba su da H-2Kd, ko garkuwarsu ta motsa ba za ki gani ba. Ko ki koma BALB/c, ko ki nemi tarin guntayen gag gaba ɗaya, masu amino asid (tubalan furotin) 15 da ke hawa juna da 11. Ƙwayoyin saifa 200,000 zuwa 500,000 a gurbi, awa 18 zuwa 24, DMSO (ruwan narkar da guntayen) ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari. Ki ware gurbi na ConA, sinadarin da ke motsa ƙwayoyin T ko da ba a yi rigakafi ba: idan shi ma bai yi ɗigo ba, ƙwayoyin sun mutu ne tun a hannu.

Amsa ta biyu:
Haka ne, amma ina da tambaya: gag ɗin na asali ne ko gyararre? Saƙon RNA na gag na asali maƙalewa yake a cibiyar ƙwaya idan babu Rev, furotin HIV da ke fitar da saƙon, sai furotin gag kaɗan ya samu. Shi ya sa ake sake tsara haruffansa. Ki zuba filasmid ɗin a ƙwayoyin 293T, na ɗan adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji, bayan awa 48 ki nemi p24 ko p55, furotin da gag ke samarwa. In babu, an gama magana. Sannan maikirogiram 20 ya yi kaɗan ga allura zalla. 50 zuwa 100 ake yi, sau uku, a cire saifa kwana 7 zuwa 14 bayan ta ƙarshe. In kuna da na'urar bugun lantarki da ke buɗe ƙofofin ƙwayar tsoka, ita ce ke kawo babban bambanci. Antibodi kuwa kada ya dame ki, DNA kaɗai ba ta cika tayar da shi da ƙarfi ba, kuma na gag ba ya hana ƙwayar cuta shiga; wannan aikin antibodi na Env ne, furotin da ke bayan ƙwayar cutar.

Amsa ta uku:
Malama, idan ɗigon ya fito, ki yi hattara da abin da za ki rubuta. Gwajin HVTN 505 a Amurka ya ba mutane DNA sau uku, ya ɗora Ad5 a kai, wato ƙwayar cutar mura da aka gyara ta ɗauki sassan HIV, ƙwayoyin T sun motsa sosai, amma a Afrilun 2013 aka tsayar da allurar don ba ta kare kowa ba. Gwajin PrEPVacc a Yuganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mai DNA haɗe da furotin, shi ma an tsayar da allurarsa a 2023. Intaferon gama shaidar motsi ce kawai. Ki ƙara auna IL-2 da TNF, wasu sinadaran da ƙwayoyin T ke fitarwa, ki rarrabe ƙwayoyin T na CD4 da na CD8. Ki kuma faɗi nau'in HIV da gag ɗinki ya fito daga gare shi: yawancin kayan gwaji na nau'in B ne, alhali G da CRF02_AG suka fi yawa a Najeriya.

Ɗalibar digiri na biyu:
Allah ya ƙara sani. Gag ɗina na asali ne, daga HXB2, wani HIV na gwaji ɗan nau'in B. Da 293T zan fara.