Sai an rabu da tsarin "ko duka ko babu" kafin manhaja ta girma?

Injiniya: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Da zarar bayananka sun bazu a sabobi da yawa, ka haƙura da tsarin ko duka ko babu, wato matakan aiki su shiga rumbun bayanai duka tare ko kuma su fasa duka. A yarjejeniya mai mataki biyu, wadda ake bi don tabbatar da tsarin tsakanin sabobi, kowace sabar kan kulle bayananta tana jiran umarnin sabar da ke jagora. In jagoran ya faɗi a tsakani, kowa sai ya tsaya cak. Dubi Dynamo, rumbun bayanan da Amazon suka bayyana a 2007: kwandon sayayya yana karɓar kaya ko da wasu sabobin sun katse.

Malama: Ƙarasa labarin mana, Injiniya. Su da kansu sun rubuta cewa kayan da mutum ya cire yana iya sake bayyana a kwandon. Wannan da sauƙi. Kuɗi fa?

Mai POS: Malama, kuɗin ma haka muke gani. An cire wa kwastoma, na'ura ta ce bai shiga ba. Ga shi tsaye yana nuna min alat a wayarsa, ni kuma ba abin da ya shigo min. Daga baya banki ya mayar masa.

Injiniya: Yauwa, ka kawo mu wurin! Tunanin saga ke nan, wanda masana kwamfuta Garcia-Molina da Salem suka wallafa tun 1987. A yanka dogon aiki gida-gida, kowane mataki da matakin da zai warware shi.

Malama: To wa zai rubuta matakin warwarewar? Kai ne. In ita ma warwarewar ta gaza fa? In saƙo ya iso sau biyu fa? Dole kowace buƙata ta zo da lambarta ta musamman, don kada a cire kuɗi sau biyu. Aikin da rumbun bayanai yake yi maka ne ya dawo wuyanka. Google sun ɗanɗani wannan wahalar, suka gina rumbun bayanai mai suna Spanner, suka bayyana shi a 2012, da agogon atom da GPS, don a ci gaba da samun ko duka ko babu tsakanin nahiyoyi. Rumbunan bayanai na DynamoDB da MongoDB ma sun ƙara tsarin ko duka ko babu a 2018. Wallahi abin yana damuna in ga matasanmu sun farfasa manhajar da ba ta cika sabar ɗaya ba, wai suna shirin girma.

Ɗan Auta: Anti, ni manhajar adashe nake ginawa. Wanne zan ɗauka?

Malama: Rumbun bayanai na PostgreSQL ɗaya ya ishe ka, ƙanena. Zubi da kwasa su shiga tare ko su fasa tare.

Injiniya: A cikin rumbunsa na yarda. Amma ranar da zai haɗa da banki, ba shi da ikon kulle rumbunsu. Lambar buƙata da matakin warwarewa, ya fara rubuta su tun yanzu.