Tolstoy da 'Ya'yan Manoma

Ɗaliba, karkarar Ringim: Malamai, shin da gaske ne Leo Tolstoy, marubucin littafin Anna Karenina, ya taɓa koyar da 'ya'yan manoma?

Malamin firamare, Gumel: Gaskiya ne, 'yata. An haife shi a 1828 a gidan sarauta a Rasha, amma a 1859 ya buɗe makaranta a gandunsa na Yasnaya Polyana, inda yara suke karatu kyauta kuma babu bulala, abin da nake tunawa duk lokacin da na ga ɗalibaina zaune a ƙarƙashin darbejiya.

Manomi, Bichi: Allah ya gafarta Malam, har huɗa ya riƙa yi da kansa bayan ya manyanta. 'Yata, ki nemi littafinsa Hadji Murad, labarin wani jarumi Musulmi, wanda aka buga a 1912, shekara biyu bayan mutuwar Tolstoy.