Yaya ake auna jin taɓi ga mai shanyewar ɓarin jiki da maganarsa ta sarƙe?

Assalamu alaikum, manyanmu a aikin gashin ƙashi (fisiyo). Wani lamari ya shige min duhu.

Akwai dattijon da nake yi wa gashi, wata biyu ke nan da ɓarin damansa ya shanye, maganarsa kuma ta tafi. Ƙarfin hannun ya fara dawowa, har yana damƙar kofi, amma da zarar ya kawar da ido sai kofin ya suɓuce bai sani ba. Shi ya sa nake zargin matsalar ta jin taɓi ce, ba ta ƙarfi ba.

Na ɗauko ɓangaren ji na ma'aunin Fugl-Meyer (gwajin da ake auna farfaɗowar mai shanyewar ɓarin jiki da shi), inda hannu ke da maki 12: huɗu na taɓi, takwas na sanin matsayin gaɓa. Na sa ya rufe ido, na shafa masa auduga a tafin hannu, ya ce "eh". Na ɗage audugar gaba ɗaya na sake tambaya, nan ma "eh". Ɗansa da ke gefe har ya yi dariya, ni kuwa biro ya tsaya min a hannu. Na gwada lanƙwasa babban yatsansa domin ya kwaikwaya da hannun hagu, sai ya zama ban san ko umarnin ne bai gane ba.

To, sifili zan rubuta ko "ba ya aunuwa"? Kuma wa ya taɓa amfani da nuni ko katin hoto a madadin amsar baki, sakamakon ya yi daidai idan aka maimaita washegari? Ranar Alhamis zai dawo.