Neman kalma: me za mu kira bullying da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Malaman Hausa da malaman makaranta dan Allah ku matso kusa. An ɗora min rubuta 'yar takarda da za mu raba wa iyaye ranar taron iyaye da malamai a makarantar da nake koyarwa nan cikin garin Kano, kan yaran da ake takura wa, tun daren jiya na tsaya cak a kalma ɗaya, wannan da Turawa ke cewa bullying. Iyayen yaranmu yawanci 'yan kasuwa ne da masu adaidaita da matan gida, in na bar ta da Turanci ba wanda zai san me nake nufi.

Bari in fara faɗin abin da kalmar ta ƙunsa don kar mu yi ta zuba sunaye a iska. Wani masani Dan Olweus da ya fara bincike a kai tun shekarun 1970 a ƙasashen Suwidin da Norwe, abu uku ya ce sai sun haɗu: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko ƙarfin jiki ko na aji ko na yawan abokai. Wato yara biyu sa'annin juna su dambace a bakin famfo wannan faɗa ne, a raba su a wuce. Amma ɗan aji uku ya tsare ɗan aji ɗaya kullum lokacin tara ya karɓe masa kuɗin awara, wannan ne abin da muke nema wa suna. A rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya ce an yi masa haka a watan da ya wuce kafin a tambaye shi.

Tsokana ita ce ta fara zuwa bakin abokan aikina a ofis, ni kuma ita na fi ƙi wallahi. Tsokana da zolaya akwai wasa a cikinsu, abin da ake yi da kaka ne ko abokin wasa, ranar da ka ce wa uba ana tsokanar ɗansa cewa zai yi to shi ma ya rama mana. Na gani da idona, wani yaro a ajina mai i'ina ya kai wata biyu bai ɗaga hannu ba saboda da ya buɗe baki sai 'yan bencin baya su kama kwaikwayonsa, da maganar ta je gaban wani babba sai ya ce ai tsokana ce ta yara, shikenan aka rufe zancen. Yaron ya koma zuwa makaranta kwana biyu a sati. Sunan da aka ba abin shi ya hana a ɗauki mataki, shi ya sa na nace sai mun samo wanda ya dace.

Da na nemi shawara, wata malama ta rubuto min cewa a kira shi cin zarafi. Na gode Malama, ta yi kusa sosai, sai dai gidajen rediyonmu sun riga sun ɗora mata nauyi, yanzu in aka ce an ci zarafin yarinya tunanin kowa fyaɗe yake tafiya ko wani babban laifi na kotu. In na sa ta a takarda uwa za ta karanta ta ce Allah ya kiyaye, mu dai ba a yi wa tamu ba, alhali kullum ana ɓoye wa 'yar tata takalmi ana kiranta baƙauya.

Zalunci kuma ya yi faɗi, daga azzalumin shugaba har mai tauye mudu a Dawanau duk ya kwashe su. Danniya da fin ƙarfi sun kamo ɓangaren ƙarfin amma ba duka ba.

Wani ɗan uwa da ya yi makarantar kwana ya ce ai sunansa siniyoriti, ko gwale-gwale. Yaya ka taɓo inda ke min ciwo. Duk wanda ya yi bodin ya san shi, juniya ya ɗebo wa siniya ruwan wanka da asuba, ya wanke masa kaya, a kwashe masa gari da sikari da ƙuli daga akwati ranar da aka zo biziti, in ya yi gardama a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sannan a ce masa haƙuri zai yi shi ma wata rana zai zama siniya. To ka ga matsalar, kalmar siniyoriti wanke abin take yi, tana mai da shi kamar wani haƙƙi da ake gada daga aji zuwa aji. Ba zan sa ta ba sai dai in ambace ta a matsayin misali.

Inda na tsaya ni dai shi ne cin zali. Ba ƙirƙira ba ce, tana bakin yaran da kansu, ka tsaya a kowane lungu a Gwale ko Kurna za ka ji ƙaramin yaro na kuka yana cewa cin zalina yake yi don ya ga ya fi ni. Ku duba jimlar nan da kyau, duk sharuɗɗan ukun suna ciki, yake yi ya nuna maimaici, ya fi ni ya nuna fifikon ƙarfi, kuma ba a cin zali bisa kuskure. Tana kuma juyuwa yadda ake so, mai cin zali, wanda aka ci zalinsa, cin zali a makaranta, na waya kuma irin wanda ake buɗe guruf a WhatsApp don a yi ta yaɗa hoton yarinya ana dariya sai mu ce cin zali ta intanet.

Wani malamin Islamiyya ya yi gyara mai kyau, ya ce mutane da sun ji cin zali bugu suke hangowa, ina za a sa na baki? Gaskiya ne Malam. Shi ya sa a takardar zan buɗe ta gida uku, cin zali da hannu, cin zali da baki, da na ware mutum a ƙi wasa da shi a ƙi zama benci ɗaya da shi. Na bakin ma shi da kansa ya tuna min aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma iyaye sun san ta, zan sa ta.

Akwai wasu abubuwa biyu masu kama da shi, amma su sunansu bai ba ni wahala ba. Bin mutum da takura ba ƙaƙƙautawa tsangwama ce, in ta shafi neman lalata a faɗe ta ɓaro-ɓaro kar a lulluɓe. Bambanta yaro don zabiya ne ko gurgu ko don Hausarsa ba ta fita ko don addininsa ko talaucin gidansu, wannan wariya ce, kowa ya san ta.

Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya ta 2003, kuma UNESCO ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don wannan magana, ina so kafin ranar takardar ta isa hannun iyaye. Layin farko da na rubuta shi ne, in ɗanka ya fara ƙin zuwa makaranta ko yana yawan cewa kuɗin tararsa ya faɗi, zaunar da shi ka tambaye shi ko wani na cin zalinsa. Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, haka kuke faɗa a wajenku ko akwai wata? Ranar Laraba zan kai wa mai buga takardun.