Maƙwabcinmu ya zuba shinkafar ɓera a tsakar gida, ina zan kai kuka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan haya muke zaune a Kano, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya. Tun saukar damina ɓera ya addabe mu, wannan kam ba ƙarya. Lambatun ƙofar gida ya toshe da leda, gafiya ta yi rami a gindin katanga, ni kaina sun huda min buhun gero, har sabulun wanka ba su ƙyale ba.

To shekaranjiya wani maƙwabcinmu, magidanci da iyalinsa, ya sayo shinkafar ɓera ya zuba a murfin gwangwanin madara, ya ajiye a gindin randa, bai ce da kowa uffan ba. Da sassafe na fito na tarar da kajina biyu a miƙe, ɗayar ma kwanci take yi. Ina cikin jimamin kaji sai na waiga, na ga yarona ɗan wata goma sha huɗu riƙe da murfin yana buga shi a ƙasa. Babu komai a ciki, kajin sun share. Na wanke masa hannu da baki, na saɓa shi sai asibiti, suka duba suka sallame mu. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Maigidana ya yi masa magana, ya ce shi ma kuɗin haya yake biya, kuma taimakon gida ya yi. Shi ne dai duk magariba yake tsiyaya fiya-fiya a bakin ƙofarsa saboda sauro, warin ya cika gidan, yara su yi ta tari.

Don Allah masana, akwai wata doka a kan wannan? Kuma duba-gari suna nan har yanzu, ko sun zama labarin iyayenmu?

Tsohon duba-gari:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara tsarewa. Muna nan, sai dai yanzu jami'an lafiyar muhalli ake ce mana, kuma ba a ganinmu gida-gida kamar da. Ki je sakatariyar ƙaramar hukumarku, sashen lafiya, ki tambayi ofishinsu. Suna da ikon shiga gida su duba, su ba da takardar gargaɗi da wa'adin gyara, wanda ya ƙi a kai shi kotu. Sai dai ki sani, in suka zo ba maƙwabcinki kaɗai za su kalla ba. Lambatun nan za su fara gani, daga nan bola, daga nan masai, kuma mai gidan hayar ma sai ya amsa tambaya. Shi ya sa nake ganin ku fara da mai unguwa.

Maganar magani kuwa hurumin NAFDAC ne, ita ke yi wa maganin ƙwari rajista. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabar sirop babu lamba, babu suna, ba wanda ya san ƙarfinta. Yawanci dichlorvos ne a ciki, sinadarin da ke cikin Sniper, wanda asalinsa na gona ne. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Yau ki leƙa teburin mai kayan koli ki ga ko an daina. Haka masu yawo da injin feshi a baya suna neman aiki, a ƙa'ida sai da lasisin hukumar lafiyar muhalli ta ƙasa, amma wa ke tambayarsu takarda?

Kuma feshin bakin ƙofa wahalar banza ce. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, cikin kwana bakwai zuwa goma wani sabo ya tashi. Ka kashe na yau, na jibi yana cikin tsohuwar taya da fasasshen bokiti a bayan ɗaki. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe ai don wannan aka yi ta, ba don ramuwar barci ba.

Nas mai aikin dare:
Maman Ilham, kar ki saki jiki tukuna. Wasu magungunan ɓeran jini suke tsinkawa, ba sa nuna kansu sai bayan kwana biyu, uku, ko fiye. Ki sa masa ido satin nan: jini a dasashi, haɓo, baƙin kashi, ko tabo a fata ba tare da ya buge ba. Da kin ga ɗaya ki koma asibiti, ki tafi da ledar maganin in za ki iya karɓowa a wajen mutumin. Kajin kuma kar wanda ya ci, a binne su da zurfi.

Tunda an ambaci fiya-fiya, bari in roƙi iyaye: in yaro ya sha, kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro. Manjan nan shi ke sarƙe su ya gangara huhu. Za ki ga yawu na dalala, zufa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na kurari. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a ruga asibiti da kwalabar. Akwai allurar da ke karya shi in an zo da wuri.

Ɗan Dawanau:
Ni fa ba na ganin a zubar da mutumin nan gaba ɗaya. Wurin ajiyewar ne ya yi wauta, amma ɓera ma ai ajali ne. Zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa yake shiga abinci. Hajiya, ki nemi durom mai murfi ki juye geronki, buhu ba ya tare ɓera. A kuma samo kyanwa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ƙwayar bom da muke sa wa hatsi a sito: kar wanda ya kai ta ɗakin kwana don ɓera ko kuɗin cizo. Hayaƙinta ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya, ta silin yake bi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama nas, na duba bakin yaron da fitila, lafiya lau, zan ci gaba da dubawa. Ledar ma matarsa ta miƙo min a ɓoye, baiwar Allah, ita ma kunya ta ishe ta.

Baba, mun bi shawararka. Jiya bayan isha maigidana ya je wajen mai unguwa, ya tara mazan gidan a zaure. An tsayar cewa ba mai ƙara ajiye guba a tsakar gida, tarko kawai, shi ma sai yara sun kwanta, a ɗauke kafin asuba. Asabar za a yashe lambatu, kowane ɗaki ya kawo kuɗin baro. Fiya-fiyar ce ya ƙi sakewa, wai gidan sauro zafi yake sa shi. Kuɗin kajina kuwa ko zancen bai bari an yi ba.

Saura ramin gafiyar. Wani ya ce in cusa fasassun kwalabe kafin a shafe da siminti, in ba haka ba za ta sake tonowa. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?