Kwantena ko bulon ƙasa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu ɗan fili, amma abin hannuna ba zai kai ginin bulo da siminti ba. Ana ta ce min in sayi kwantena in mayar da ita ɗaki da falo. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Sabi'u Mai Walda: Wa alaikumus salam Hajiya. In za ki saya, nemi mai ƙafa 40 wadda aka ƙara wa tsayi: ƙafa 9 da rabi ce, ta gama-gari 8 da rabi. Wannan ƙafa ɗayar silin da fanka za su cinye ta. Faɗi kuwa duk ƙafa 8 ne. Ranar saye ki shiga ciki da rana tsaka a rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi.

Injiniya Bilkisu: Malam Sabi'u ya yi gaskiya. Ƙarfinta yana kusurwoyi huɗu da bangon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, don haka duk taga ko ƙofar da aka yanka sai an zagaye ta da firam na ƙarfe, in ba haka ba rufin ya lotsa. Katakon daɓen ma galibi an jiƙa shi da maganin ƙwari, a cire shi ko a shafe shi ruf kafin yara su kwanta a kai. Kuma a ɗora ta kan ginshiƙan kankare, kada ta zauna a ƙasa tsatsa ta ci gindinta.

Abban Sadiya: Ni dai zafin nake ji. Na san a Amsterdam an yi wa ɗalibai masauki da kwantena 1,000, to can ƙasar sanyi ce. A wurin rana ai tanda za ki saya.

Injiniya Bilkisu: Akwai magani, Alhaji, sai dai kuɗi ne: kumfar tare zafi a bango, da rufin kwano na biyu a sama da tazarar da iska za ta ratsa. In aka haɗa da kuɗin kiren mai ɗaga kwantenar da tirela da walda, arhar sai ta gudu. Shi ya sa ni bulon ƙasa nake zaɓa wa mutane. Ana cakuɗa ƙasa da ɗan siminti, a matse da injin hannu, a bar shi ya yi ƙwari a inuwa ana yayyafa ruwa. Da tubalin ƙasa da rufin kwano a ɗage mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001.

Maman Hanif: Ruwan sama ba ya narkar da shi?

Injiniya Bilkisu: In an yi harsashi da kankare aka ɗaga shi, rufi kuma ya zarce bango sosai, ba ya komai. Amma a fara gwada ƙasar filin, yumɓu in ya yi yawa bulon tsagewa yake.

Sabi'u Mai Walda: Ko wanne kika zaɓa, Hajiya, fara zuwa ofishin tsara birni a amince da zanen. In kuma kwantenar ce, a auna lungun tukuna, ko tirela za ta iya juyawa.